Dunƙulen Kaki Huɗu Zuwa Kumasi

Da sunan Allah nake farawa. Tun ranar da na dawo daga Kumasi, da wuya a idar da sallar la'asar ba tare da wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam Sabi'u, yaya ƙasar Gana?" ba. Wasu so suke su ji ko da gaske ne wutarsu ba ta ɗaukewa, wasu kuma labarin goro suke nema. Nakan ce lafiya lau in wuce, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci. Yanzu na ga ya fi in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da ɗakin katunan marasa lafiya a ƙaramin asibitin gundumarmu, ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. Ba zan fara yau ba, ko da rubutun ni zai kama.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayata Saude, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce dalili. Tana aure a ƙauyen da ke gaba da namu, gonakin gero kaɗai suka raba mu. Bara da kaka ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta ɓoye shi har aka gama cire gyaɗa. Shekarar ce mai ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, manyan asibitoci kuma suna ta shiga yajin aiki suna fita. Saboda haka a wani asibitin kuɗi da ke gefen birni aka yi mata aiki, ranar wata Alhamis. Da aka gama, ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini kwalba, ƙullutun yana ciki, cikin wani ruwa mai wari da ke sa ido hawaye. Ta ce a kai ɗakin gwaji na birni ranar Litinin, domin kafin nan babu mai karɓa. Ba ta ƙara kalma ɗaya ba. Na rubuta lokacin a ɗan littafin da ba ya barin aljihuna, na koma ƙauye da kwalbar.

A gidan mijinta, Malam Isuhu, na tarar da Goggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce ke yi wa matan ƙauyen wankan gawa. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta kau da kai tana tari.

"Sabi'u, naman Musulma ne ka bari a cikin wannan wari? Kuma daga ina aka yanko shi? Daga wurin da ko kai ba ka isa ka gani ba. Shi ne za ka riƙa yawo da shi a gilashi, maza na leƙawa?"

Malam Isuhu ya ce shi dai abin da ya gada, duk abin da ya rabu da jikin mutum binne shi ake yi, ko farce ne. Har ya aiki a ɗauko masa magirbi.

Na tsaya kai da fata. Na ce in aka binne, likita ba zai san sunan cutar ba. Muka ja har rana ta yi sanyi, sannan na kawo shawarar da a lokacin na ɗauka hikima ce: ba za a binne ba, amma za a suturta. Goggo ta wanke naman kamar yadda take wanke mamata, ta naɗe shi da farin ƙyalle. Ni kuma na tafasa ruwa da gishiri, na bar shi ya huce, muka sa ƙunshin a sabon kwano mai murfi, muka ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi. Ruwan kwalbar kuwa, ni na zubar da shi da hannuna a bayan danga. Na koma gida ina ganin na raba gardama ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Ranar Litinin na mayar da naman cikin kwalbarsa na kai. Bayan mako uku sakamako ya fito: sankara ce. Likitan da ya karanta mana ya ce saura gwaji na biyu, wanda zai nuna irin maganin da zai ci wannan sankarar, domin ba iri ɗaya ba ce ga kowace mace. Amma sinadaran gwajin sun ƙare, daga waje ake sayo su, kuma babu wanda zai iya cewa ga ranar zuwansu. Na buga waya wurare biyu a kudu. Ɗaya suna yajin aiki, ɗaya suka ce in jira layi ya zo kaina. A ƙasa mai wannan yawan jama'a, mace tana kwance, cuta na tafiya a jikinta, an ce ta jira ruwan da bai cika cokali ba! Sai na tuna da Bulus, ɗan wani ƙauyen Maguzawa da ke yammacinmu, wanda muka yi makarantar kimiyya tare, muna kiransa Sarkin Kwaɗi saboda son feɗe su, ni kuma ana kirana Akawu. Ya zama likitan binciken nama, yana aiki a Kumasi. Na buga masa waya na gaya masa, ya ce, "Akawu, karɓo kakin ka taho." Ashe a ɗakin gwaji sukan yayyanka naman su daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, kowane dunƙule bai wuce akwatin ashana ba. Suka ba ni huɗu da takardar shaida, suka ce in kiyaye su daga zafin rana. Na jera su a ƙaramar kular abinci.

Ban san hanya ba, don haka aka haɗa ni da Alhaji Tanko, wani dillalin wake na kasuwar Dawanau da ya daɗe yana zirga-zirgar Gana. Mutum ne gajere mai tumbi, ba ya iya minti biyar shiru. Tun a tashar Kano ya dubi kular da na rungume ya ce, "Malam Akawu, in dambun nama ne a fito da shi tun yanzu, rowa ba ta kai mutum Ikko." Na gaya masa abin da ke ciki. Ya cire hula ya mayar, ya yi addu'a, daga nan bai sake yi wa kular ba'a ba sai sau ɗaya, zan zo wurin.

Hanyar Ikko, wato Legas, kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Kwana ɗaya da wuni muka yi. Motar ta tsaya neman mai sau uku, kowane tsayi ya fi awa biyu, fasinja na zube a gindin bishiya. Yaron mota ya so ya jefa kular can ƙarƙashi tare da buhunan albasa, kusa da inji, na ce sai dai a sauke ni. Wata Bayarabiya da ke kusa da ni ta ga tun safe ban ci komai ba kuma ban buɗe kula ba, ta ɗauka azumi nake, da rana ta faɗi ta miƙo mini ayaba biyu da gyaɗa. Na karɓa, ban iya yi mata bayani ba.

Daga Legas muka shiga ƙaramar mota mai cin mutum shida. Iyaka uku ke tsakaninmu da Gana. A ta farko fasfo da katin allurar shawara kawai aka duba. Muka ratsa Kwatano, garin da 'yan acaɓa ke sanye da riguna masu ruwan ɗorawa kamar 'yan makaranta, ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, ana cin burodi mai tsawon kamu guda, mai tauri kamar rake. Na lura da abu guda da ya ba ni kunya: ɗan acaɓa na tsayawa a jar wuta ko babu ɗan sanda.

A iyaka ta biyu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Kafin layi ya zo kanmu Alhaji Tanko ya matso ya raɗa mini, "In sun tambaya, sabulu ne. Sabulun gargajiya. Ka ji ko?"

Jami'in, wani dogon saurayi mai jin Faransanci kaɗai, ya buɗe kula, ya ɗaga dunƙule guda ya duba a rana. Ana ganin naman a ciki, launin ƙasa-ƙasa. Ya yi tambaya, Alhaji ya fassara yana harara ta. Na ce, "Gaya masa naman yayata ne, zan kai gwaji."

"Malam Akawu, don girman Allah!"

"Gaya masa haka. Ga takarda."

Alhaji ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, amma wata mai tallan kifi ta ji, ta kwarma ihu. Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Ban ji yarensu ba, amma na gane abin da idanunsu ke cewa: ga masu safarar sassan mutane an kama. Ban ga laifin jami'in ba, ni ma da a kujerarsa nake haka zan yi. Ya shigar da mu wani ɗaki ya rufe, takardar kuma da Turanci take, ba ya karantawa. Muka zauna a benci daga hantsi har bayan azahar. Ta taga muka hango direbanmu ya sauke jakunkunanmu a ƙasa ya ja motarsa.

Alhaji ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Gaskiyarka ta ci mana mota. Shekara ashirin ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin cikin ɗakin nan ba sai da na haɗu da mai gaskiya."

Na ce ya tafi abinsa, ba shi aka kama ba. Ya ce in ya bar ni a nan, da wane ido zai shiga Dawanau?

Wata dattijuwa ma'aikaciyar lafiya, mai duba katin rigakafi, ita ta fitar da mu. Ta karanta takardar har sau biyu, ta ƙirga dunƙulen, ta gwada lambar da ke jikinsu da ta takarda. Sannan ta yi wa jami'in magana a taƙaice. Da za ta miƙo mini kular, ta taɓa ƙirjinta ta ce wani abu. Alhaji ya ce cewa take, ita ma ƙanwarta wannan cutar ce, amma su ba su kai ga gwajin ba. Ta rufe murfin da kanta, ta gyara masa zama.

Muka sami wata motar zuwa Lome, muka kwana a wani masauki kusa da tasha, inda na ga teku karon farko a rayuwata, ban kuma ji komai ba sai tsoron danshi ya shiga kular. Washegari muka tsallaka iyaka ta uku salin alin, muka isa Kumasi ranar Juma'a da yamma.

A Zango muka sauka, unguwar Hausawan garin, gidan mai masaukin Alhaji, wani tsoho da ake kira Baba Salihu. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da jakuna fataucin goro, bai koma ba. Shi kansa bai taɓa taka Kano ba, amma ya san sunayen ƙofofinta a jere fiye da ni. Hausarsu ta sha bamban da tamu, ta gauraya da yaren gari, na yi kwana biyu kafin kunnena ya saba. Ya ba mu ɗaki guda da tabarma biyu, ya hana mu sayen abinci. Da safe koko ne mai yaji da citta har yana kama maƙogwaro, da ƙosai. Da rana wake da shinkafa, amma ja, domin da karan dafi suke dafawa, su zuba taliya da garin rogo da baƙin yaji a kai, duk a ganye guda. Akwai kuma dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, a ci da soyayyen kifi. Na farko na ɗauka ya lalace ne, na ture shi a hankali. Matar gidan ta gani ta yi dariya har ta zauna, ta ce tsamin shi ne daɗin. Wata ɗabi'arsu ta burge ni: in larura ta sa mutum ya miƙa maka abu da hagu, sai ya nemi gafara da baki, ko yaro ne ko babba.

Ranar Asabar na ga abin da ya tada mini hankali. Titin bayan Zango ya cika da rumfuna da kujeru, mutane sanye da baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa, ga hoton wani dattijo ya kai girman ƙofa. Baba Salihu ya ce jana'iza ce ta mutanen gari, mamacin kuma ya kusa wata uku a firjin asibiti, ana jiran 'ya'yansa su hallara. Na ce subhanallahi, mu da ba ma barin gawa ta wuce sallah biyu a gida! Na yi ta faɗa a kan haƙƙin mamaci. Alhaji Tanko ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Haka ne, Malam Akawu. Sai dai a duk titin nan, mutum ɗaya na sani mai ajiye naman mutum a kula."

Ranar Litinin na sami Bulus a wurin aikinsa. Ya yi furfura, ya yi ƙiba, amma dariyar tana nan. Ya rungume ni ya ce, "Akawu! Har yanzu kana rubuta sunayen masu surutu?" Na ce, "Sarkin Kwaɗi, ai kai ne na farko a kowane shafi." Ya karɓi kakin ya miƙa wa ma'aikatansa, ya ja ni ofis. Na ce ya yi mini bayanin abin da za su nema, domin ba na son ɗaukar saƙon da ban san abin da ke cikinsa ba. Ya jawo takarda ya zana da'ira. Abin da ya faɗa na rubuta shi a ranar, ga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa.

"Ka san jiki ƙwayoyin halitta ne, tun muna aji uku. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda suke jin magana. A fatar kowace ƙwaya akwai 'yan abubuwa da suka leƙo waje, mu kira su kunnuwa. Saƙo ya zo daga jini ko daga maƙwabciya, ya sauka a kan kunne. Amma irin kunnen da muke magana, guda ɗaya ba ya isar da komai. Sai ya matsa ya manne da ɗan'uwansa, su biyun su tayar da na cikin gida. Taɓarya ɗaya ba ta lugude. In sun haɗu, ƙwaya ta ji an ce ta girma, ta rabu biyu."

Na ce, "To tafiyar fa? Me ke ɗaga cuta daga mama ya kai ta hammata?"

"Akwai wasu kuma a fatar, aikinsu riƙo. Ka ga 'yan siraran hannayen da duma ke kama danga da su? Haka suke kama ƙwaya da mazauninta. Su da kunnuwan nan suna shawara da juna. In kunnuwa suka matsa, masu riƙo na baya su saki, na gaba su miƙa su kama, ƙwaya ta ja jiki. Ba mugun abu ba ne a asali. Da haka fatarka ke rufewa in lauje ya yanke ka, in ta rufe kuma a ce kowa ya tsaya, su tsaya. A wata irin sankara, kunne iri guda ne ke yin yawa, su cika fatar har suna manne wa juna ba tare da an aiko kowa ba. Ƙwaya ta yi ta jin a girma, a tafi, alhali babu wanda ya yi magana. Wannan tana da allurar da ke toshe kunnuwan. Wata irin kuma masu karɓar saƙonta a cikin ƙwayar suke, suna sauraren sinadarin jikin mace, ita ƙwayar magani ake haɗiya kullum. Wata ba ta da ko ɗaya. In ban gani ba, likitanta harbi zai yi cikin duhu."

Ranar Alhamis ya kira ni. Da na shiga na ga bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni gaban madubin likita, ya sa gilashi na farko, na wata mata da aka tabbatar da nata. Na ga ƙwayoyi jere, kowace an zagaye ta da zobe ruwan ƙasa, kamar ragar kamun kifi. Ya ce kunnuwan ke nan suka kama rini. Ya sa na Yaya Saude. Babu zobe, babu komai, sai wani dusu-dusu kamar tsumman da ya sha wanki.

Na ce, "Wato ba ta da su."

"Haka mai gaggawa zai rubuta, ya sa hannu, a hana ta maganin da wataƙila nata ne. Amma duba nan gefe. Waɗannan lafiyayyun ƙwayoyi ne, akwai rinin da dole su kama, su ma ba su kama ba. Naman ne ya lalace kafin ya shiga kaki. Kunnuwan nan ba sa jure jira, ruwan da ake sa nama a ciki shi ke tsayar da su yadda suke. Akawu, awa nawa naman nan ya yi a cikin ruwansa?"

Na ciro littafina. Da ma ban rubuta ba, da na ce ban tuna ba, kuma da gaskiya na faɗa. Amma ga shi da rubutuna, da lokaci, da rana. Na karanta masa da ƙarfi: an fito da shi ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Alhamis, an zubar da ruwan ƙarfe biyar da rabi na yamma, an wanke, an naɗe, an sa a ruwan gishiri har safiyar Litinin.

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya zubar?"

"Ni."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce wadda ta miƙo mini kwalbar ya kamata ta ce kada a buɗe, kalma uku ce, kuma wanda ya karɓa ranar Litinin ya kamata hancinsa ya gaya masa ba ruwan ba ne, ya tambaya. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau raina yana ɓaci in na tuna ana miƙa wa mutanen ƙauye naman 'yan'uwansu kamar ana miƙa musu ragowar tuwo, ba bayani, ba rubutu a jikin kwalba. Amma Goggo ba ta yi makarantar kimiyya ba, Malam Isuhu ma haka. Ni na yi. Ni ne ke aiki a asibiti, ni ne ke da lambar Bulus a waya tun ranar, ban kira ba, saboda ina jin daɗin na iya sasanta mutane.

Zan rubuta wani abu da nake jin kunyarsa. Na ce masa, "Bulus, iyaka uku na tsallako. Ba za ka iya kintata ba, ka rubuta wanda ya fi yawa ga mata irinta?"

Ya ce, "Kai za ka rubuta a katin mara lafiya abin da ba ka gani ba?"

Ya rubuta cewa naman bai karantu ba, ya sa hannu. Sannan ya tambaye ni ko akwai kaluluwa a hammatarta. Na ce akwai, ta fito kafin in taso. Ya ce to daga nan za a ɗebo da allura mai kauri, ba sai an yanka ba. Ya ba ni ƙananan kwalabe biyu a rufe da ruwansu, da wasiƙa zuwa ga likitanta. Ya raka ni har tasha, ya ce in gaishe masa da ƙasar gero.

Komowa ba ta da labari. Kula babu komai sai kwalabe biyu, babu wanda ya tsare mu.

Na isa ƙauyen da hantsi, na tarar da su a tsakar gida. Yaya Saude tana kan tabarma ta jingina da bango, ta rame, hannun hagu a kan matashi. Ban bari an gama gaisuwa ba, na faɗi komai a gaban Malam Isuhu da Goggo, na ce ruwan da na zubar shi ne gwajin.

Goggo ta ce, "Ni na ce a wanke. Shekara arba'in ina wanke bayin Allah, ban san akwai naman da wanka ke ɓatawa ba."

Na ce, "Goggo, ke suturar 'yarki kika nema. Ni ne aka kai makaranta."

Yaya Saude ta ce, "Ku bar rabon laifi, ba gado ba ne. Sabi'u, sake yanka ni za a yi?" Na ce allura ce. Ta ce, "To a yi, tun ina da ƙarfin hawa babur."

Aka ɗebo ranar Talata. Malam Isuhu ne ya karɓi kwalbar daga hannun likita, ya sa a aljihun gaba ya dafe da tafinsa, bai yarda ko ni in riƙe ba har ɗakin gwaji. Da aka mayar da naman kaki, Alhaji Tanko ya tafi da shi a tafiyarsa ta gaba. Ban tambaye shi abin da ya ce musu a iyaka ba.

Daga ranar da aka yi mata aiki zuwa ranar da Bulus ya bugo waya, wata huɗu ne da kwana tara. A cikinsu cutar ta kama hammata, ta fara taɓa ƙashin baya. Ya ce wannan karon naman ya karantu sarai, kuma iri biyun duka tana da su: na cikin ƙwaya, da kunnuwan da suka yi yawa a fata. Ƙwayar haɗiya akwai ta a Kano, likitanta ya rubuta, na sayo a ranar, sauran magani kuma ya ce za a tsara. Allurar toshe kunnuwan ita ce babu a asibitin, inda take kuma hannun irinmu bai kai ba a wannan zamani. An rubuta sunanta cikin masu jira.

Na je na same ta da safe, an dama mata koko. Na yi mata bayanin kunnuwan kamar yadda Bulus ya yi mini, har da lugude da duma. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wato naman nawa ne ya koma irin matan bakin rijiya, yana jin abin da ba a faɗa ba." Goggo ta yi dariya tana share ido.

Sannan ta ce, "Allurar fa?"

Na ce, "Babu ita tukuna, Yaya. Ban san ranar da za ta samu ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙwayar da ke tafin hannuna.

"To miƙo wanda ake da shi."

Ta yi bismillah ta haɗiye, ta kora da koko.